Ƙanzon da Ragunan Yaya Suka Cinye

Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya kwashe abincin daminar 'ya'yana ya zuba wa raguna. Ya san abinci ne. Da hannunsa ya kwance bakin buhun, ya gani, an kuma faɗa masa. Na sa wannan a farko ne saboda dangi sun yi shekaru suna ce mini kuskure ne, ni kuma na gaji da jin haka.

A Garwa aka haife mu, a gidan da kakanmu ya gina bayan fatauci ya kawo shi daga ƙasar Kano. Gidan gado ne, ba a raba ba. Yaya ya daɗe da komawa Ngawundere, yana lodin kaya daga tashar jirgin ƙasa zuwa arewa, Allah ya buɗa masa har ya je Makka. Gwaggonmu da iyalan 'yan'uwa suna sashen gaba, ni da matata da yara huɗu muna can baya, jikin katanga. Karatuna a aji biyar na lekol, wato makarantar boko, ya tsaya, shekarar da mahaifinmu ya ba da ni riƙo ga wani kawu don a rage baki a gida. Ina karanta takarda a hankali, ina rubutu yadda nake magana. Iyakar abin ke nan.

Dako nake yi a wurin gurzar auduga. Sai aka shiga shekarun da masu Faransanci suke ce wa kiriz. Aka yanke wa ma'aikata albashi, darajar kuɗinmu sefa ta zube, mu kuma ƙananan aka kira mu ofis aka ce kwamfiresho. Na tambayi ma'anarsa, akawun ya ce in ɗauki hulata in tafi gida.

Babbar 'yata tana aji huɗu a lokacin. Kanta yana ja, ita take karanta wa gwaggo takardar asibiti. Na rantse a gaban uwarta cewa ita ba za a ba da ita ba, ba kuma za ta tsaya inda na tsaya ba. Uwar ta dube ni ta ce, "Malam, rantsuwa ba ta sayen littafi. Daga yau ba abin da zai fita daga ɗakin nan da sunan shara sai ya bi ta hannuna."

Haka kuwa aka yi. Muka daina sayen dunƙulen miya, sai daddawa. Muka daina sayen kanwa, matata ta koma tace tokar kara. Guntayen sabulu ta tara su ta narka ta dunƙule, ya fito kala uku, yara suna dariya. Ruwan wankin hatsi na awakin maƙwabta ne, su kuma su ba mu taki, ta shuka yakuwa da kuɓewa a bakin magudanar wanka. Gwangwanin tumatir ya zama fitila, ya zama ludayi, ya zama ma'auni. Takalmin yara da igiyar robar taya nake ɗaure shi har sai ƙasan ya cinye. Ni aikina kwalabe: in bi unguwanni har Poumpoumré, inda ma'aikata suke zubar da su, in kawo a wanke, ran Lahadi in kai kasuwar Pitowa wurin mata masu man gyaɗa. Abin da aka samu a kwalba ba a taɓa shi, na makaranta ne. Sharaɗin da muka yi ke nan.

Amma babban aikin nata ne. Akwai wata mai tuwo-tuwo a bakin tasha, Bafillatana, mai tukwane manya guda biyar. Matata ta je ta ce za ta riƙa wanke mata tukwanen kyauta, a bar mata ƙanzon kawai. Kullum da hantsi za ta dawo da kwano a kai, hannunta duk ya yi kanta don kankara. Ta shanya a kan kwanon ɗaki, zafin Garwa kuwa ba ya wasa, kafin la'asar ya bushe ƙayau. Da yamma idan kasuwa ta tashi sai ta bi masu tumatir ta kwashe wanda ya fara laushi, ta yanyanka ta shanya ya zama kauɗa. Kuɓewar da ta yi ƙarfi ma haka. Tun ƙarshen kaka take wannan har bazara. Buhu huɗu na ƙanzo ta tara, da rabin buhun kauɗa, da ƙullin kuɓewa da ganye. Ta ce idan damina ta yi nisa, hatsi ya yi tsada, da wannan za mu tsallake: kunun ƙanzo da safe, kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli da rana, tuwo sau ɗaya da yamma.

To, ga inda muka yi wa kanmu. Duk wanda ya zauna a gidan gado ya sani, abin da aka gani a ɗakinka ba naka ba ne. Za a aiko, "Wai in ji gwaggo a sam mata kauɗa," gobe matar ɗan'uwa, jibi maƙwabciya, kuma ba a cewa babu alhali an gani. Ga kunya kuma: jikokin fatake, a ce suna kankare tukunyar tasha. Don haka matata ta yi dabara. Ta zuba komai a tsofaffin buhunan siminti, ta jera su a lungun da ke tsakanin ɗakin girki da katanga, ta rufe da yagaggiyar tabarma, ta tula gwangwanaye da kwalabe da tsumma a kai. Wanda ya leƙa, bola zai gani. Na yaba mata wannan dabara, wallahi na yaba.

Ana cikin zafin bazara Yaya ya aiko cewa zai aurar da 'yarsa, kuma a gidan ubanmu za a yi, don surukan manyan mutane ne na cikin gari. Ya iso ana saura kwana biyar biki, da motar kaya, da raguna shida, da buhunan shinkafa da katan-katan na lemo. Ya sa aka yi wa zaure farar ƙasa. Ni na taya da abin da zan iya, na haƙa murhu, na ɗaura rumfa.

Ran Lahadi na ɗauki kwalabe buhu ɗaya na tafi Pitowa. Da na dawo bayan la'asar, na shiga sashenmu, sai na ga lungun fes, an share har an yayyafa ruwa. Matata tana zaune a ƙofar ɗaki, hannu bisa gwiwa. Ba ta kuka. Da ma kukan take yi.

Ita ta ba ni labarin. Yaya ya zagayo duba gida, ya ga tulin, ya ce a kira masu pus, wato masu turin amalanke, su kwashe. Ita kuwa ba ta taɓa tsayawa gaban yayan mijinta ta yi magana ba, ba a yi a gidanmu. Daga bayan labule ta ce, "Yaya Alhaji, a yi haƙuri, akwai abin amfani a ƙasa." Ya ce wane amfani ne a juji? Ta ce abinci ne. Sai ya sa aka ɗaga tabarmar, ya kwance buhu ɗaya, ya damƙo ƙanzon ya sansana, ya yi dariya.

"Wannan ne abincin? A gidan ubana? Ke, ba a cin wannan a nan. Baƙi su shigo su ga ana ajiye ƙanzo kamar gidan mabarata? Ku jiƙa wa raguna, su ma za su gode."

Ta ce, "Na yara ne, na damina ne."

Ya ce, "Damina Allah ne da ita."

Aka juye buhu huɗun a rabin duro biyu, aka kwara ruwa. Sauran, kauɗa da kuɓewa da gwangwanaye da kwalaben da ban kai kasuwa ba, masu pus suka tafi da su juji.

Na fita a guje har jujin da ke hanyar kogi. Kwalaben tuni an tsince. Buhun kauɗa na same shi a yage, awaki a kai, ruwan kwata ya shiga ciki. Na tsaya ina kallo, wani tsoho mai tsince-tsince ya tambaye ni da Fillanci ko na yar da wani abu ne. Na ce a'a.

Da na dawo na nufi zaure, gwaggo ta tare ni a soro ta riƙe mini riga. "Don darajar ubanku, kada ka ɓata wa yarinya biki. Bai sani ba ne. Zan yi masa magana, zai aiko muku da hatsi." Na ce ya sani. Ta ce ko ya sani yayanka ne. Na haɗiye. Ni na riƙe ƙafafun ragunan da aka zo yankawa, cikinsu tim da ƙanzon matata.

An yi biki kwana uku. Shinkafa ta yi yawa har ta yi tsami a manyan kwanuka, aka zubar da ita a magudana. Kashegari na ga tukwanen biki a jere, ƙanzo kauri guda a gindinsu, na dubi matata. Ta wuce su kamar ba ta gani ba. Ba ta sake komawa wurin mai tuwon tasha ba. Na yi mata magana sau ɗaya, ta ce, "Malam, in tara wa wa?" Ban sake ba.

Hatsin da gwaggo ta ce za a aiko bai zo ba. Ko ta yi maganar ko ba ta yi ba, ban sani ba. Ni ma ban buɗe baki na roƙa ba, wannan laifina ne, na yarda. Damina ta kama, hatsi ya hau, dako ya yi wuya saboda motoci ba sa shiga ƙauyuka. Ƙaramin ɗanmu ya kwanta da zazzaɓi. Wata ranar Alhamis na tarar ba a ɗora tukunya ba tun jiya, na shiga ɗaki na buɗe gwangwanin kuɗin makaranta. Matata tana kallona, ba ta hana ni ba. Kafin sabon hatsi ya shigo, gwangwanin ya koma fanko.

Da aka koma lekol, 'yata ta wanke rigar makarantarta ta ninke, ta yi kwana huɗu tana jira. A na biyar yayar uwarta ta zo daga Pitowa ta ce a ba ta ita, ta taya ta suyar ƙosai a bakin hanya, ko ba komai za ta ci ta ƙoshi. Ni na kai ta tasha. Na ce mata shekara ɗaya ce kawai, baɗi za ta koma aji. Ta ce, "To, Baba." Haka mahaifina ya ce mini, ni ma haka na amsa. Ba ta koma ba. Yanzu tana da 'ya'ya uku, ɗan karatun ya zube, idan aka ba ta takardar asibiti sai ta nemi mai karanta mata.

Bayan kaka Yaya ya zo Garwa ta'aziyyar wani abokin mahaifinmu. Da aka idar da azahar muka zauna a zaure, mutum goma ko fiye, ana shan shayi. Ya waiwayo ya ce, "Ina 'yar bokon nan taka? Ban gan ta ba."

Na ce tana Pitowa.

"Tana me?"

"Tana sayar da ƙosai."

Ya ajiye kofi ya girgiza kai, ya dubi mutane. "Kun gani ko? Yarinya mai kai kamar wannan. Shi ya sa nake cewa wanda bai yi karatu ba bai san darajarsa ba. Kai ƙanena, da ka yi shawara da ni mana."

Wani dattijo ya ce gaskiya ne, Alhaji.  Na miƙe, abin da ban taɓa yi ba yana zaune. Na ce:

"Yaya, shawarar ai an yi da kai. Matata ta yi da kai daga bayan labule, ta ce maka na yara ne, na damina ne, ka ji da kunnenka, ka yi dariya. Wata shida tana kankare tukwanen tasha don yarinyar nan ta zauna a aji, kai ka jiƙa wa raguna a yini ɗaya don kada surukanka su san ƙaninka talaka ne. To, ga shi yanzu kowa a zauren nan ya sani: ni talaka ne, ƙanzo muke ci, kuma ba mu taɓa jin kunyarsa ba kamar yadda na ji kunyarka ran nan. Kada ka ƙara tambayata 'yata. In kana son ganinta, ka tsaya a Pitowa, tana bakin hanya hannun dama, ka sayi ƙosai ka biya ta kamar kowa."