Jan Keken da Ya Karye a Hanyar Kwadon

Shekarar da man fetur ya fi ƙarfina na jingine babur ɗina a zaure, na lulluɓe shi da tsohon buhu, na ce zan koma keke. A Pantami nake zaune, ina aiki a wani ofishin gwamnati a cikin gari, ina kuma da 'yar gona ta gado a Kwadon da nake leƙawa duk Asabar. Rabona da hawa keke tun ina sakandare.

Na fara zuwa Herwagana wurin wani dattijo mai gyaran keke, Batangale, wanda tun zamanin mahaifina shi ke gyara mana. Kowa Baba yake ce masa. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya miƙa hannu ya sauko da wani baƙin firam da ke rataye a rumfarsa. Ƙarfe uku ne miƙaƙƙu suka haɗu suka yi kusurwa uku, fenti duk ya kankare.

"Malam, wannan zan haɗa maka," in ji shi. "In sa taya masu kauri, in sa kariyar ɗaukar kaya, in sa madigadi mai tare taɓo. Gona da ofis duk zai kai ka."

Na dubi abin, na hango kaina a kai ina shiga harabar ofis kamar mai tallan itace. Na ce, "To Baba, bari in yi shawara." Ya mayar da shi ya rataye.

Washegari wani abokin aikina ya tura ni wurin ƙaninsa, mai sayar da kekunan gwanjo a bakin kasuwa. A nan na ga jan keken. Ba shi da kusurwa ukun nan ko kaɗan. Bututu ɗaya ne mai kaurin cinya ya taso daga ƙasa ya lanƙwasa zuwa wuya, sirdi na reto a kan wani guntun ƙarfe, ba abin da ya tokare shi, ga wani ƙaton sifirin rawaya a tsakiya. An zana harsunan wuta a jiki, an yi rubutun Turanci da ruwan azurfa.

"Yaya, wannan keken hawa dutse ne," in ji mai shagon. "Da irinsa Turawa ke gangarowa daga tsauni. Ka ga shokazoba? Ko rami ka faɗa ba za ka ji ba. In ka shiga ofis da shi ba wanda zai ce rashin mai ne, cewa za a yi motsa jiki kake yi."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta saye ni, ba zan ɓoye ba. Ko zagaye ɗaya ban yi da shi ba na tura shi gida.

Na biya ta wurin Baba don ya sa mini kariya. Ya zagaya keken sau biyu, ya ƙwanƙwasa bututun da sifana, ya kara kunne. Sannan ya danna sirdin da tafin hannu, keken ya lotsa ya taso kamar katifa.

"Babu inda zan ɗaura kariya," ya ce. "Bayansa motsi yake yi. Madigadi ma ba wuri. Wanda ya ƙera wannan bai taɓa ɗaukar buhu ba."

"Amma ai yana da kyau, Baba."

"Yana da fenti," ya ce, ya koma kan tayar da yake liƙewa.

Raina ya ɓaci, na ɗauka hassadar 'yan kasuwa ce don ban sayi nasa ba.

Kwana ukun farko na sha kallo. Masinjan ofishinmu har hoto ya ɗauka a jikinsa. Amma tun ranar farko na gane akwai matsala, na dai ƙi faɗa wa kowa. Duk taka fedar da na yi, rabin ƙarfina cikin sifirin nan yake tafiya. Sai in yi sama in yi ƙasa, keken bai yi gaba ba. Ga nauyi kamar an cika shi da yashi. Giyarsa yatsa ba ya ƙirga su, amma biyu kaɗai ke shiga, sauran sai ƙara. Tsofaffi masu kekunan da na raina suna wuce ni a hawa, da jarkoki a baya, suna yi mini sannu.

Sai damina ta sauka. Wata safiya aka kwana ana ruwa, kwatocin layinmu suka cika suka tumbatsa kan hanya. Wanda ya san Pantami ya san abin da ruwan nan ke ɗauke da shi: ruwan wanke-wanke, na makewayi, ledoji, da abin da ba a ambata. Na sa farar shadda don akwai taro a ofis, na bi a hankali. Ban san tayar baya, da ba ta da madigadi, tana ɗibar ƙazantar nan tana watsa mini ba. Sai da na zauna a ɗakin taro na ga na kusa da ni yana jan kujerarsa. Wata abokiyar aikinmu ta sunkuyo ta ce a hankali, "Malam, ka ɗan duba bayan rigarka." Na shiga bayi na cire. Baƙin layi ne tun daga gindin riga har ƙeya, har cikin hula, da ɗoyi mai tayar da zuciya. Na tsaya ina wanke riga a famfo. Matata ta wanke shaddar sau uku, daga baya ta yanka ta yi tsumma.

Duk da haka ban rabu da keken ba. Kunya ta hana ni.

Ranar da ya karye Asabar ce. Na je Kwadon, na ga gona, na sayi tumatir da tattasai na gida. Tun da ba kariya, sai na zuba a buhu na goya a baya kamar jariri. Ina dawowa, na bar kwalta na bi wata 'yar hanyar ƙasa don kauce wa manyan motoci. Akwai ɗan gangare mai duwatsu, irin wurin da aka ce don shi aka yi keken. Ban ma yi gudu ba. Na ji ƙas a ƙarƙashina, sirdi ya nutse, kan keken ya yi gaba shi kaɗai, na kife a gefen hanya. Buhun ya fashe a bayana. Na tashi gwiwa na jini, tafin hannu ya saɓule, ruwan tumatir na bin wuyana. Jan bututun nan mai kaurin cinya ya rabe biyu daidai inda ya lanƙwasa.

Wani manomi da ke dawowa da amalanken shanu ya tsaya, ya yi mini sannu da Fulatanci, muka ɗora gutsattsarin a kan ciyawarsa ya kai ni bakin titi. Daga nan na sami a-kori-kura zuwa gari.

Ranar Litinin bayan an tashi aiki na kai wa Baba. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya dubi gwiwata, ya tambayi jiki, sannan ya ɗaga rabin firam ɗin ya karkata shi. Wani ruwa ja-ja baƙi-baƙi ya zubo, mai warin mushe, da gutsuren tsatsa da matattun kyankyasai. Na ja da baya na toshe hanci. Ashe wata biyu a kan wannan nake zaune ina ɗaga wa mutane hannu.

"Matso ka gani," ya ce.

Ya sa wuƙa ya kankare bakin karayar. Ƙarƙashin jan fentin wani farin abu ne mai kauri yana ɓarɓashewa kamar alli, irin filar da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da ita. Ƙarƙashinta kuma tsohuwar tsaga ce, ta yi baƙi, an ɗan ɗiga mata walda wuri biyu kamar kashin kaza. Ƙarfen kansa bai fi gwangwanin madara kauri ba, Baba ya lanƙwasa shi da yatsu biyu.

"Tun can ya tsage, kafin ya zo hannunka," ya ce. "Aka cike, aka shafe. Amma ko sabo ne, nan zai karye. Duk nauyinka a wannan gwiwar yake taruwa, ba abin da ya tallafe ta. Akwai na gaske masu sifirin, na taɓa gyara ɗaya, aiki ne mai kyau ƙwarai. Wannan kamanninsu kawai aka kwaikwaya."

Na ɗauki rabin firam ɗin na nufi shagon da na saye shi. Na yi zaton mai shagon zai ji kunya, ko ya yi musu. Bai yi ko ɗaya ba. Ya duba, ya girgiza kai.

"Allah ya tsare gaba, Yaya. Amma kai ma ka kai shi gona. Wannan ai na gayu ne."

"Ba kai ka ce na hawa dutse ba ne?"

"Sunansa ke nan," ya ce, yana murmushi. "Ka kawo ɗaya rabin. Ina da mai walda, in ya haɗa ya shafe ba wanda zai gane. Sai in ba ka wani abu a kai, in sake sayar da shi."

Ƙyamar da na ji a lokacin ta fi ta ruwan da Baba ya zubar. Ya faɗi maganar ne kamar alheri yake yi mini. Na ɗauke ƙarfena na fita, ko sallama ban yi ba. Na sa Baba ya yanka firam ɗin gunduwa-gunduwa da zarto a gabana, muka ba masu jari-bola. Shi kuma ya haɗa mini baƙin nan da na raina, wanda har yau shi nake hawa.

Bayan kamar wata guda hanya ta bi da ni ta gaban shagon. An kawo sababbin kaya, shuɗi da kore da ruwan lemo, duk masu lanƙwasasshen ciki. Wani mutum na tsaye yana shafa wani kore. Na san shi, ɗan Barno ne da rikici ya koro, yana kai burodi shagunan unguwarmu da ƙafa, da tire a ka. Na jingine kekena na ja shi gefe. Na nuna masa tabon gwiwata, na gaya masa komai, na ce wannan ko tire ɗaya ba shi da wurin ɗaurawa, na kwatanta masa rumfar Baba.

Ya saurare ni da ladabi har na gama. Sannan ya dubi baƙin kekena, tun daga kariya har taya, ya sake duban koren.

"Na gode, Malam," ya ce. "Amma naka ya tsufa. 'Ya'yana sun ce in sayo mai kyau."

Mai shagon na daga ciki yana kallonmu, yana goge wani sirdi da tsumma, bai ko damu ya fito ba. Na ga mutumin ya koma, ya kama kan koren keken, ya danna sirdi, ya yi murmushi da ya ga yana lotsawa yana tasowa. Na tofar da yawu a kwata, na hau kekena na tafi.