Ƙanƙarar da Gwaggo Ta Zuba a Zoɓo

Ko zan manta komai na zaman aurena, ranar sunan nan na Ruwan Godiya ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

A lokacin muna zaune a Sabuwa, na daɗe da aure ban taɓa ko ɓari ba. Dangin maigidana har sannan "amarya" suke ce mini, tunda babu ɗan da za a kira ni da sunansa. Da muka gaji da jiƙe-jiƙe, sai maigidana ya sayar da masarar da ya noma a shekarar, muka nufi asibiti a Zariya. Likita ya ɗora ni a kan allurai, ya koya mini yadda zan yi wa kaina. Ta ƙarshe ita ce babbar, wadda za ta sa ƙwai ya fito, kuma tana da ranarta. Ya ja mini kunne cewa in ta yi zafi ta lalace, in kuma ba a yi ta ba, duk na baya sun tashi a banza.

Sai ƙanwar maigidana ta haihu a garin Ruwan Godiya, sunan ya faɗo daidai ranar allurar. Na so in yi zamana a gida. Amma wadda ba ta haihu ba, in ba a gan ta wurin suna ba, kowa ya san abin da za a ce, baƙin ciki take yi. Don haka na samo kular abinci na cika ta da ƙanƙarar leda, na naɗe kwalbar da tsumma na tura tsakiya. A tasha direba ya so ya cusa ta cikin kaya, na ƙi. A cinya na rungumo ta tun daga Sabuwa, har muka canza mota a Funtuwa muka ɗauki hanyar Faskari.

Gwaggon maigidana ita ce uwar biki, duk kular da ta shigo gidan sai ta bi ta hannunta. Da ta miƙo hannu na ja ta gefe, na gaya mata ba abinci ba ne, magani ne mai son sanyi. Ban ɓoye mata ko na mene ne ba. Ta yi dariya ta ce Allah ya kawo rabo, in sa a ƙarƙashin gadonta, babu mai shiga ɗakin. Har godiya na yi mata.

Na shiga cikin mata muna ta aiki. Bayan azahar rana ta take, sai ga zoɓo ana fita da shi zaure wurin maza, kofuna har raɓa suke yi don sanyi. Aka miƙo mini ɗaya na shanye, na ce Allah ya saka da alheri. Sai da na ajiye kofin na tuna gidan ko wutar lantarki babu.

Na ruga ɗakin, babu kula. A madafa na same ta, an ɗauraye an cika ta da shinkafa. Na tambayi Gwaggo ina maganina, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baƙi sun taso tun daga Katsina, mi kike so, a ba su zoɓo da zahi? Ga kwalbarki can bisa taga na aje maki, ba wanda ya taɓa ta."

Tagar tana kallon rana. Da na ɗauki kwalbar sai na ji ta kamar an tsamo ta daga ruwan wankan mai jego. Na kira likita a waya, ya ce kada in kuskura in yi amfani da ita, sai dai in zan iya zuwa Zariya a ranar a ba ni wata. La'asar ta riga ta wuce, kuma babu direban da zai bi hanyarmu in rana ta yi ƙasa.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce wa Gwaggo ai na gaya mata, da bakina na gaya mata. Sai ta juya wajen matan da suka taru ta ce, "Ku ji mani ɗiyar nan, kan ruwan da bai cika cokali ba. Mu da munka haihi goma, wace allura anka yi muna?"

Wasu suka yi dariya. Sirrin da na ba ta a kunne ya zama abin hira a tsakar gida. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, babu wanda ya ce mata ba ta kyauta ba. Surukata ta ce na ɓata wa mutane suna, in durƙusa in ba babba haƙuri. Maigidana, wanda guminsa ne aka shanye a zaure, ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri, uwa ce. Na durƙusa, da kwalbar a hannuna.

Sai da aka sake girbi kafin muka iya komawa asibiti, kuma jikina bai ƙara karɓar maganin kamar na farko ba. Har yau ban haihu ba. Na sani haihuwa ta Allah ce, ban ce da na yi allurar dole in samu ciki ba. Amma an hana ni gwadawa, saboda baƙi su sha abu mai sanyi, kuma har Gwaggo ta koma ga Allah ba ta taɓa ce mini sannu ba.

Tsoron bakin mutane ne ya fitar da ni daga gida ranar, kuma bakin bai fasa magana ba. Tun daga nan na koyi cewa in abu ya shafi rayuwata, gara a ce ba ni da zumunci in zauna in tsare shi, don masu cewa ki yi haƙuri ba su ne za su kwana da rashin ba.