Farar Wuƙar Da Ta Raba Mahaifina Da Dutsen Washinsa

Ni baduku ne ɗan baduku, daga wani ƙauye kusa da Bande. Lokacin da abin nan ya faru sabon magidanci nake, ina ji da kaina, don kubena da takalmana sun soma suna har kasuwar Magariya. Baba kuwa yanar ido ta rufe masa gani, ya ajiye basilla ya bar mini zauren. Aiki ɗaya ya rage masa, shi ne washi. Da an fito masallaci da asuba zai lalubo dutsensa, ya yayyafa masa ruwa, ya jera wuƙaƙenmu na ƙarfe yana wasa su ɗaya bayan ɗaya, yana gwada kaifin a gashin hannunsa. Wannan ƙara ita ke tayar da gidanmu. Idan na zo zai miƙo mini su yana tsokanata, wai shi ke yanka fatar, ni dai biyo sahunsa nake yi.

Sai wani ɗan ƙanwar mahaifiyata ya kawo mini tsaraba daga Kano, wata farar wuƙa ta tangaran, irin abin da ake kwanukan Sin da shi. Ya ce ba ta tsatsa, ba ta son washi. Gaskiya ta burge ni. Ƙarfe in ya taɓa jemammiyar fata mai danshi yakan bar mata baƙin tabo, ita ko wannan sai ta ratsa jar fatar akuya tas, ba ko ɗigo. Na tattara tsofaffin wuƙaƙen na cusa a zabira.

Washegari Baba ya miƙo hannu a ba shi sabuwar ya gyara mata baki. Na gaya masa cikin murna cewa wannan ta hutar da shi, ba ta bukatar kowa. Wallahi alheri na nufa. Ya shafa ta, ya ce madalla, ya mayar mini. Daga nan asubar gidanmu ta yi shiru. Ya rage fitowa zaure, tuwo ma sai an matsa masa. Matata ta sha gaya mini cewa tsoho ba lafiyarsa lau ba, ni kuma ina cewa tsufa ne.

Ran wata kasuwa na dawo daga Dantchiao na tarar da shi a zaure, dutse a gabansa, farar wuƙar a hannunsa, bakinta duk ya ɓantale. Ashe tangaran ba ya jure dutse. Raina ya ɓaci, na tambaye shi da ƙarfi wa ya sa shi. Bai yi musu ba. Cewa ya yi ya ji sautinta a kan fata ya soma sauyawa, ya san ta dakushe, ya so in dawo in same ta da kaifi. Kuma gaskiyarsa, ni ma na lura tana jan fata, girman kai ne ya hana ni faɗa.

A ranar na zazzage zabirar na ajiye masa wuƙaƙensa, duk sun yi tsatsa. Washegari da asuba sai muka ji ƙarar nan ta washi, har matata ta yi dariya a madafa. Damina ɗaya ya ƙara yi da mu, Allah Ya jiƙansa. Yanzu ni ke zama gaban dutsen, tsakiyarsa ta lotsa daidai hannunsa, kuma har yau ban taɓa fitar da kaifi irin nasa ba. Ina kewarsa ƙwarai.

Ban ce wuƙar tangaran ba ta da kyau ba, tana da nata amfani. Amma ku masu tsoho a gida, kafin ku sayo abin da zai hutar da shi, ku duba ko wannan ɗan aikin ne kaɗai ke fito da shi daga ɗaki da safe.