Gwandar Kofur Baya-Baya

Duk wanda ya taɓa karɓar goro a hannun kakana Kofur Mati ya san ba ta gaba ake karɓa ba. Sai ya wuce ka da taku biyu, ya ɗan karkata, sannan ya miƙo maka ta gefen ƙugunsa. Shi ya sa duk Daura ba mai kiran sa da sunansa, sai Kofur Baya-Baya. Kun san ni da kunyar magana a taro, don haka na rubuta wannan a littafina na makaranta, Yaya Binta ta karanta muku yau da ake sadakar arba'in ɗinsa.

Asalin abin, in ji shi, daga yaƙin Bama ne. Kafin a shiga da su daji, wani hafsansu Bature ya koya musu wasan da ake kira ragabi. Mutum goma sha biyar kowane ɓangare, ƙwallon kuma dogo ne, a rungume ake gudu da shi, kuma ba a jefa wa na gaba, sai na baya. Da aka gama yaƙi ya dawo gida da ƙwallon a buhunsa. Kaka Yalwa na gani ta ce, "Shekara nawa ana jiran ka, tsarabar ke nan? Busasshiyar gwanda?" Sunan ya bi ƙwallon har yau.

Kun tuna ranar sunan ɗan Kawu Isa? Aka ba Kofur goro ya kai wa Liman. Ya wuce Liman, ya juya masa ƙeya, ya miƙo.

"Kofur, wani laifi na yi maka ne?" in ji Liman.

"Allah gafarta Malam, doka ce. Na gaba shi ke miƙa wa na baya."

"To ai ni ne na gaba, ni ke jan sallah!"

"A masallaci ke nan. Nan fili ne."

Sai kuma maganar rago, ana saura kwana uku Babbar Sallah. Ragon wani mutumin Sandamu ya ƙwace a kasuwa, mai shi ya cafke igiya, rago na jan sa, jama'a na ihu, "A tare! A tare!" Kofur, da furfurarsa, ya tattare riga ya yi tsalle ya rungume ƙafafu. Ba na ragon ba, na mutumin! Suka zube ƙasa rim, rago ya kama hanyar gida abinsa.

"Baba, ni ne mai ragon!"

"Kai ke riƙe da kaya, ɗana. Mai riƙe da kaya ake kayarwa."

Ni kuwa "amaryata kurma" yake ce mini, don ba na tanka masa. Amma ni kaɗai yake bari in zauna kusa in yana shafa wa gwandar man shanu ranar Juma'a. A nan na lura da zane-zanen da ke kusa da bakunanta biyu, kamar an yi da tsinin wuƙa: wata, kifi, gicciye, ƙafar kaza, goma sha biyar cif. Na kwafe su duka a bayan littafin lissafina, ban gaya wa kowa ba.

Bara da damina ɗinkin gwandar ya fara farkewa. Da Kofur ya tafi Baure ta'aziyya, Kaka ta ce bari ta yi abin kirki, ta aike ni da ita wurin Malam Ilu baduku. Ya jujjuya ta, ya girgiza kai.

"Allah sarki, tsufa! Dubi yadda zama ya lotsa ta. Ai ƙwallo zagayayye ne, ko na robar nan da suka cika kasuwa haka suke."

Ina tsugune ina kallo ya tura bakunan ciki, ya ƙara jar fata, ya cusa audugar rimi har ta zama zagayayya. Har da tuntu ya sa mata, kyauta!

Kofur ya dawo, Kaka ta ajiye masa ita a kan faifai tana murmushi. Muka jira tsawa. Ya juya ta sau ɗaya, ya ajiye, ya ce, "An gode." Ya bar tuwonsa ya huce. Kashegari da safe ya miƙo mini buta, ta gaba, hannu da hannu kamar kowa. Kaka ta saki muciya ta ce, "Innalillahi, na kashe mutumin nan!"

Kwana uku bai ci abin kirki ba. A na huɗu na ɗauki ƙwallon a cikin mayafina, na tsinko gwanda ɗanya a bayan ɗaki, na tafi unguwar dukawa. Na ce, "Malam Ilu, a mayar da ita kamar wannan."

"Ke, yau kurma ta yi magana? Yarinya, sana'ar nan gado na yi. Ban taɓa ɗinka abu karkatacce da gangan ba. In mutane suka gani su ce Ilu ya makance?"

"Ba ka yanke bakunan ba, na gani. Ka ce fatar ta fi ƙarfin a yanka."

Na buɗe masa littafina, na ce zanen nan goma sha biyar suna ciki a naɗe. Ya daɗe yana duba takardar. Sannan ya jawo basilla yana gunaguni, "In an tambaye ki, ki ce wani baduku ne a Mashi."

Da na kai wa Kofur, ya ɗora ta a cinya, ya bi zanen da yatsa yana kiran sunaye. Kowa shi ya yi nasa da hannunsa, in ji shi. Wata na Garba ɗan Kazaure ne. Kifi na wani Banufe. Gicciye na Baturen, wanda ya shiga gabansu ranar ƙetare wani kogi, ya cire buhunsa ya jefo wa na bayansa don ya ji sauƙin iyo, bai kai gaɓa ba. Na bayan nan shi ne kakana, ƙwallon kuma yana cikin buhun. Su huɗu kacal suka ga gida.

"Ƙafar kazar fa, Kofur?" na tambaya.

"Tawa ce. Jirgin sama na so in zana."

Ya tashi, ya wuce ni da taku biyu, ya karkata, ya jefo mini gwandar ta gefen ƙugunsa. Na cafe. Ya ɗaga murya ya ce, "Yalwa! Ina tuwon? Ko shi ma an kai wa Ilu?"

Gwandar tana ɗakina yanzu, kuma Juma'ar nan na shafa mata mai. Ya yi gaba, ya miƙo baya. Allah ya jiƙan Kofur Mati, ya jiƙan abokansa da ba su ga gida ba, ya sa ya huta. Mu na baya kuma, Allah ya ba mu ikon riƙe abin da aka miƙo mana. Amin.