Ƙofar da Na Ce Tana Buɗewa

Gidan hayar da na zauna a bayan Ungogo, da can gonar gyaɗa ce. Da gari ya fara cin gonaki, mai ita ya ga maƙwabta suna yanka filaye suna jera ɗakuna, shi ma ya jera nasa: ɗaki goma sha biyu, shida na kallon shida, tsakar gida siririya kamar lungu, zaure ɗaya a gaba, ƙofar ƙarfe ɗaya can ƙarshe ta baya. Ya tashi daga manomi ya zama mai gidan haya, amma a ransa wurin bai taɓa daina zama gona ba, mu kuma shuka ce da ba ta neman taki. Baba Alhaji nake ce masa, don tare suka yi fataucin dabbobi da marigayi mahaifina a kasuwar Ɗambatta.

Ni malamin firamare ne. Ni da matata muka kama ɗakuna biyu na ƙarshe saboda Inna, mahaifiyata, wadda na ɗauko daga ƙauyenmu na wajen Makoda bayan ɓarin jikinta ya shanye. Ƙofar bayan nan ita ta ja ni. Ranar asibiti sai in buɗe ta, in turo Inna a kekenta, mai a-daidaita-sahu yana tsaye a bakin hanya, shi ke nan.

Sai kaka ta yi. Baba Alhaji yana kiwon ragunan layya, kuma duk wanda ya san makiyayin raguna ya san harawa ta fi masa 'ya'yan mutane daraja. Da fari ya gina wa ragunan garke a jikin katangarmu ta baya, ya sa aka liƙe ƙofar da bulo ta waje. Ƙyauren kuwa ya bar shi a maƙale ta ciki da kwaɗonsa, don cire shi wani aiki ne. Sannan ya kwaso harawar wake da ta gyaɗa ya jibge a zaure har rufi, ya bar mana 'yar hanya da sai mutum ya karkace yake wucewa. Keken Inna ya daina fita, sai dai in goya ta. A saman harawar nan kuma mitar lantarkin gidan take, da wayoyin da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda.

Sau ɗaya na yi masa magana, a tsugune, da murya ƙasa-ƙasa kamar ni ne mai laifi. Ya dube ni ya yi dariya.

"Malam, boko ya sa muku tsoro. Kakanninmu a kan rufin ɗakin kwanansu suke ɗora harawa, wa ta taɓa ci? Gobara kuwa in Allah bai kawo ta ba, babu mai kawo ta."

Na so in ce masa kakanninmu ba su da wayar lantarki naɗe da ledar burodi. Amma sai na ce, "Haka ne, Baba," na tashi.

Bayan wani gida ya ƙone a unguwar gaba da mu, mai unguwa ya sanar cewa 'yan kwana-kwana za su zaga gidajen haya. Kai, ranar na ga aiki da cikawa. Mutumin da bai taɓa gyara mana ko famfo ba, a yini guda ya sa aka kwashe harawar nan kaf zuwa kangon maƙwabci, aka share zaure har da yayyafa ruwa. Ya je birni ya sayo jar tukunyar kashe gobara ya rataye a inda kowa zai gani. Ashe ya san abin da ya kamata sarai, mu ne dai bai ɗauka a bakin komai ba.

Jami'in da ya zo mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa. Ya tara mu a tsakar gida ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce gidan da iyalai da yawa suke ciki, doka ta ɗora wa mai shi nauyi, ba alfarma yake yi wa kowa ba. Dole a sami hanyar fita fiye da ɗaya, kada a tare ta da kaya, kada a ajiye abin da wuta ke so kusa da lantarki, a kuma sa ƙwararre ya duba wayoyi. Tukunyar kashe gobara ta zauna inda hannu zai kai. Baba Alhaji yana ta gyaɗa kai yana jan carbi, sai ka ce shi ya rubuta dokar.

Jami'in ya taka har ƙarshen gida, ya tsaya gaban ƙyauren nan, ya taɓa kwaɗon. Baba Alhaji ya yi saurin cewa makulli yana wajen 'yan haya. Sai mutumin ya juyo gare ni, ganin ɗakina ne a gefe. Ya ma leƙa ya gaida Inna a kwance.

"Malam, wannan ƙofar tana buɗewa?"

'Yan haya duk suka sunkuyar da kai. Baba Alhaji yana tsaye da furfurarsa, abokin ubana, a gaban baƙo. An raine mu a kan ba a kunyata babba a bainar jama'a, ko da me ya yi. Na ji bakina yana cewa, "Tana buɗewa, ranka ya daɗe."

Ya yi rubutu a takardarsa ya tafi. Kafin la'asar harawa ta dawo zaure. Tukunyar kuma Baba Alhaji ya sauke ta ya kulle a shagon hatsinsa da ke gaban gidan, wai kada ɓarayi su ɗauke, sabuwa ce. Matata ta bi ni ɗaki ta ce, "Malam, kunyar mara kunya asara ce. Uwarka ce fa a kwance jikin ƙofar nan." Na daka mata tsawa, don na san gaskiya ta faɗa.

Wata ranar aiki ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, aka kawo wuta da ƙarfi. Ina cikin aji na hango hayaƙi, kuma tun kafin a faɗa mini na san gidan wa ne. Da na iso, zauren ya zama tanderu, ba mai shiga ba mai fita. Matan gidan sun kifa turame jikin katanga suna miƙa yara ana cafewa ta waje, su ma suna haurowa. Shagon hatsi a kulle, makulli yana aljihun Baba Alhaji, shi kuma yana Ɗambatta neman ƙarin raguna. Na duba cikin waɗanda suka hauro, babu matata, babu Inna.

Muka zaga baya da mazan unguwa. Sai da muka ɓalle garken muka kori ragunan, sannan muka hau bulon da diga da taɓare. Ina jin matata ta ciki tana dukan ƙyauren tana kiran sunana. Ta jawo Inna a tabarma har gindin ƙofar, ta ƙi haurawa ta bar ta. Bulo biyu-biyu aka jera, don kada a sace wa Baba Alhaji rago ta nan. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Da muka ɓalle ƙyauren, hayaƙi ne ya fara fitowa, baƙi ƙirin. Matata tana tari, Inna ba ta motsi.

Inna ta farfaɗo a asibiti, amma hayaƙin ya riga ya ci ƙirjinta. Baba Alhaji kuwa, an gaya mini da ya sauka daga mota abin da ya fara tambaya shi ne ko an ƙirga ragunan. Mutane suka yi ta tururuwa ƙofar gidansa suna jajanta masa asarar harawa, ana cewa ƙaddara ce. Ƙaddara, wadda aka kwashe ta zuwa kango da safe aka dawo da ita da la'asar. Jami'in nan ya dawo ya tsaya gaban ramin da muka fasa, ya dubi bulon, ya dube ni. Ya juya ya tafi, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Inna ta yi sati biyu tana jan numfashi da ƙyar, sannan Allah ya karɓi abarsa. Ranar sadakar uku Baba Alhaji ya zo ta'aziyya da sabuwar babbar riga, aka matsa aka ba shi tsakiyar tabarma. Ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, ya juyo gare ni ya ce, "Sai haƙuri, Malam. Kwana in ya ƙare, ba a tsallake shi."

Matata tana jin mu daga bayan labule. Na zame daga kan tabarma na tsuguna a gabansa, na ce, "Haka ne, Baba. Mun gode."