Randar da Na Ɓoye a Bayan Ƙofar Laburare

Salamu alaikum 'yan'uwana. Ni ce, da raina! Sati bakwai ban ce uffan ba a nan, waɗanda suka yi ta turo saƙo ku yafe ni. Kwalara ce ta kwantar da ni. Yau kuwa da ƙafata na taka har laburare na dawo, don murna na ce sai na ba ku labari.

Ga waɗanda ba su sani ba, muna da ɗan laburare a unguwarmu a Damilu. Ni nake sharewa in jera littattafai, ranar Alhamis kuma mu zauna da mata mu yi karatu. Ni allo na yi, a ɗakin nan na koyi boko da girmana.

A bakin ƙofarsa na ajiye randa da moɗa ɗaya, sadaka ga marigayiya mahaifiyata. Kullum mai tura kurar ruwa yake cika mini ita.

Da amai da gudawa ya ɓarke bayan ambaliya, Malam Bappa mai kula da laburaren ya rufe zauren karatu. Littafi sai ta taga, wanda aka dawo da shi a shanya a rana. Ya kawo bokiti mai famfo da sabulu. Sannan ya ce, "Adda Hajara, randar nan a ɗauke ta tukuna."

Na ce to, amma ban ɗauke ba. Na tura ta bayan ƙofa, ina ce wa raina ruwan sadaka ba zai cuci kowa ba. Astagfirullah.

Ranar Alhamis sai ga Ya Falmata. 'Yar Borno ce, rikici ya koro ta da marayunta huɗu, tana zaune a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Ba ta ji an dakatar da karatu ba, ta hau keke napep biyu cikin rana ta zo. Na ɗebo mata ruwa. Ta ce ta gode. Na ce haba, ki zo daga Malkohi ki koma da ƙishi? Na matsa har ta karɓa ta kai baki. Na juya na ɗebi nawa na shanye.

Jumma'a da hantsi cikina ya juya. Gudawa fara kamar ruwan shinkafa, ga amai. Kafin azahar 'yata Asma'u ta tsunkuli fatar hannuna ta ƙi komawa. Ƙafafuna suka ɗaure, muryata ta tafi. Ta ce, "Dada, ba na tambayarki, keke na waje."

A asibiti an ware mana wuri. Ana fesa wa ƙafarka magani a ƙofa. Gadon da rami a tsakiya, bokiti a ƙasa. Ni da ko tari nake jin kunyar yi a gaban mutane! Suka ɗauki bayan gida don gwaji, suka nemi jijiya sau uku kafin su samu, suka rataya ledar ƙarin ruwa. Magani dai ba a karɓi ko sisi ba.

Na ji tsoron mutuwa, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi ci na shi ne moɗar nan. Da hannuna na miƙa mata. Matar da ta tsira daga bindiga, in zo in kashe ta da ruwa, yara huɗu su tashi ba uwa ba uba?

Ba ta da waya. Na sa Asma'u ta gaya wa Malam Bappa gaskiya duka. Bai yi faɗa ba. Ya zubar da ruwan, ya kai wa ma'aikatan lafiya rahoton rijiyar mai kura, ya kama hanyar Malkohi. Ya samu Falmata har biyar, babu tamu. Aka ce masa an fita da wata Falmata asibiti, ba a san wanne ba.

Kwana biyu ina kuka. Wata nas ta ce, "Mama, muna zuba miki ruwa ta hannu, kina zubarwa ta ido. Wa zai ci a cikinmu?"

Kwana na huɗu da safe na samu na zauna, ina kurɓar ruwan gishiri da sukari. Sai na ji murya daga bayan shingen waya, da Hausar 'yan Borno: "Adda! Kai ne ka kwanta haka?"

Jama'a, Ya Falmata ce, tsaye ƙyam, da ayaba a leda! Na ce, "Ruwan fa? Kin sha!"

Ta rufe baki da mayafi tana dariya. "Ban sha ba. Ramuwar azumi nake yi. Malam yana zaune a taga, in faɗa ya ji? Kai kuma ka nace. Na taɓa a baki, da ka juya na zuba wa zogale."

Na yi kabbara har nas ta rugo ta ɗauka suma na yi! Kunyarmu ta mata, ita Allah Ya sa ta tsare ta.

Kwana shida aka sallame ni. Sauran makonnin ƙarfi nake tarawa da kunu da romo.

Yau na tarar an fito da benci gindin darbejiya, karatu ya dawo, kowa da gorarta. Malam Bappa ya sa na rubuta yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari da ajami, don matan da ba su karanta boko. An liƙa shi a taga, rubutuna!

Alhamdulillahi. Asma'u, Allah Ya yi miki albarka. Malam Bappa, useko, na gode, na kuma nemi gafararka a gaban kowa. Ma'aikatan da suka kwashe ƙazantarmu ba su yatsine fuska ba, Allah Ya biya ku.

Ku tafasa ruwa ko ku sa masa maganin tsarkakewa, na sadaka ma haka. Ku wanke hannu da sabulu. Gudawa ta fara, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a sa sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali, ana sha ana kan hanyar asibiti, kada a jira la'asar.

Idan kuma kin ba baƙuwa ruwa ta ce ta gode, don Allah ki ƙyale ta.