Ba-a-Yarwa da Wayar Yayarsa

Shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba, a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai aski da mai sayar da caja. Ba-a-Yarwa ake kiransa, don abin da yake faɗa ke nan duk lokacin da wani ya miƙo masa waya ya ce ta tsufa. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma agogo, da mutane suka daina ɗaura agogo sai ya bi su zuwa waya. Shekara ashirin da biyu yana sunkuye kan tebur ɗaya, har wuyansa ya karkace ya zauna a haka.

Abin da ya raba shi da sauran masu gyara shi ne manhaja. Kowace waya tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kuma yawancin mutane da wadda kamfani ya zuba musu suke rayuwa har wayar ta mutu. Shi sai ya gano akwai wasu ƙanana da ba a san su ba, waɗanda mutane ke rubutawa a gida bayan sun tashi daga aiki, su bayar kyauta. Wayar da ta fara jan ƙafa, idan ya goge mata ta kamfani ya zuba mata ɗaya daga cikinsu, sai ta miƙe garau.

Ba ya yarda da abin da aka rubuta a kansu. Sai ya yi sati da manhaja a aljihunsa kafin ya zuba wa kowa: ya yi kira, ya ɗauki hoton mai aski yana gyangyaɗi, ya ga ko batiri zai kai yamma.

"Wannan wayar taka," in ji mai aski, "ko ɓarawo ya ɗauka, dawowa zai yi ka koya masa."

Wata Asabar yayarsa ta zo. Goge-goge take yi a wani asibiti, kuma a can da waya ake sa hannu idan an iso aiki. Tata ta yi nauyi, sau biyu tana bakin ƙofa tana dannawa har lokaci ya wuce. An gaya mata na uku, dakatarwa ce.

"Sabuwa zan saya, Auta."

"Ba a yarwa, Yaya. Kawo."

Ya zuba mata wadda ya fi so. Wayar ta koma kamar yau aka ɓare ta daga kwali. Ta tafi tana sa masa albarka.

Litinin da sha biyun rana sai ga ta, da kayan aiki a jikinta. Ƙarfe biyu take shiga. Ta ajiye wayar a kan tebur ba sallama.

"Danna abin sa hannun."

Ya danna. Ya ƙi buɗewa. Sai da manhajar kamfani yake aiki. Sati guda ya gwada komai, amma shi tun da yake bai taɓa sa hannu a wurin aikin kowa ba, bai ma tuna ana yi ba.

Ya rubuta wa zauren masu manhajar a intanet. Amsa ta zo da wuri, daga mutumin da ke kula da wannan ɓangaren: matarsa ta haihu, zai duba wata mai zuwa.

"Me ya ce?"

"Ya ce an yi masa haihuwa."

"Allah ya raya. Shi zai ciyar da nawa?"

Ya jona wayar da kwamfuta ya fara mayar mata da ta kamfani, aikin awa ɗaya da wani abu idan wuta ta tsaya. Ta zauna kan bencin mai aski tana ba shi tarihin ƙaninta: yadda ya kwance rediyon babansu yana ɗan shekara tara, aka yi wata biyu ba a ji labarai a gidan ba. Mai aski har da ajiye almakashi.

Ɗaya da minti ashirin wayar ta tashi, da nauyinta na da. Ya goge hotunan bikin da suka cika ta, bayan ya kwafe su, ya cire wasannin da jikokinta suka loda, ya buɗe mata abin sa hannun ya ce kada ta rufe shi har ta isa. Ya fito da kansa ya tare mata mota.

Ya dawo ya zauna, bai taɓa aikin kowa ba. Saura minti huɗu biyu ta cika wayarsa ta yi ƙara.

"Ya shiga," in ji ta.

"To madalla."

"Ran Asabar ka zo ka duba min fanka, tana ƙugi. Amma Auta, gyara kawai. Kada ka zuba mata komai."